Jirgin da ba ya zuwa kasuwa: wasiƙa zuwa Yauri

Assalamu alaikum Yaya. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya da kai da iyali da Inna. Na ji saƙon muryar da ka turo bayan ka ga hotona riƙe da sandar tuƙin jirgin ruwa, inda kake tsokanata wai ɗan bakin Kwara ya je Ingila ya koma hayar jirgi kamar baƙon kasuwar Yelwa, me zai hana in sayi nawa. Na yi dariya har yaran suka leƙo. To bari in ba ka amsa a tsanake, don ni ma tunanin ya taɓa hana ni barci.

Da farko ka cire Kwara da tafkin Kainji daga ranka. Ruwan da muke shiga a nan Birmingham ba kogi ba ne, magudanai ne da mutane suka haƙa da hannu fiye da shekara 200 da suka wuce don jigilar kwal da ƙarfe, lokacin babu jirgin ƙasa. Doki ne ke jan jirgin da igiya yana tafiya a gefe, kuma har yau turbar dokin tana nan, masu keke da masu yawo da karnuka suka gaje ta. A cikin garin nan kaɗai akwai wajen mil 35 na irin wannan ruwa, abin da mutanen garin ke alfahari da shi suna cewa sun fi Venice, birnin nan na Italiya mai hanyoyin ruwa. Jiragen kuwa sirara ne, faɗinsu ƙafa 6 da inci 10, tsawon wasu ya kai ƙafa 70. Ka ɗauka kwale-kwalen katako ne na 'yan kasuwa, sai dai wannan na ƙarfe ne, an rufa masa ɗaki, ciki da gado da murhu da banɗaki. Gudu kuma doka ta ce kada ya wuce mil 4 a awa. Wallahi tsohuwa mai sanda ta wuce mu a ƙafa, ta ɗaga mana hannu.

Mu shida muka haɗa kuɗi, duk 'yan gida, muka yi haya na kwana uku. Ba a tambayi lasisin tuƙi ba. Wani dattijo ya zagaya da mu cikin jirgin kamar na awa ɗaya, ya nuna mana inji da gas da igiyoyi, ya raka mu ɗan nesa, ya sauka. Da ya fara bayanin cewa in ka tura sandar tuƙi hagu jirgi dama zai yi, sai na yi murmushi kawai, don wanda ya tashi yana riƙe hannun injin Yamaha ba a koya masa wannan.

Inda na zama ɗan koyo shi ne wurin hawa tudu. E, jirgi na hawa tudu a nan. Sun gina wasu ɗakuna na ruwa masu ƙofofin katako gaba da baya. Ka shigar da jirgi, ka rufe ƙofar baya, ka ɗauki wani ƙarfe ka murɗa, ruwan sama ya kwararo ciki, jirgi ya yi ta ɗagowa har ya daidaita da ruwan gaba, sannan ka jingina bayanka da gungumen ƙofa ka tura ta buɗe. A tsakiyar gari, wurin da ake kira Farmer's Bridge, guda 13 ne a jere. A Tardebigge, hanyar Worcester, 30 ne. Mu kam guda 13 ɗin nan ma sun ishe mu, washegari kowa na riƙe da ƙugu. Abin da Bature ke kira hutu ke nan, ya biya kuɗi ya sha wahala.

Ranar da muka mayar da jirgin muka miƙa makulli, muka hau mota, shi ke nan. Ko injin zai mutu gobe, ko tsatsa na cin gindinsa, ba ruwanmu. Hayar ba arha ba ce, kada in yi maka ƙarya: mako guda a tsakiyar lokacin zafi, sa'ad da yara ke hutu, yana iya haura fam 1,500. Amma an raba shida, kuma sau ɗaya ne a shekara.

Duk da haka shaiɗan ya raya mini in sayi nawa. Sai na je wurin wani abokin aikina Bature da ke da jirgi, na ce ya faɗa mini gaskiya tsakaninsa da Allah. Ya ɗauko takardu ya baje a tebur.

Kuɗin sayen, wanda ga tsohon jirgi mai kyau dubban fam ne goma-goma, sabo kuma yakan wuce fam 100,000, shi ne ƙaramin abu, don sau ɗaya ake biya. Bayansa ne ake fara ci. Akwai lasisin shekara da ake biyan hukumar da ke kula da magudanan, Canal & River Trust, wadda ta karɓi aikin a 2012 kuma take riƙe da wajen mil 2,000 na ruwa a Ingila da Wales. Ga jirgi mai matsakaicin tsawo lasisin ya haura fam 1,000. Akwai inshora, dole. Duk shekara 4 sai mai duba ya zo ya binciki gas da wuta da mai, ya ba da takardar shaida. Duk shekara 2 ko 3 sai an fitar da jirgin daga ruwa an kankare gindinsa an shafe shi da baƙin fenti mai kama da kwalta. Sannan uwa uba, wurin ɗaurewa. Yaya, mu da muke jan kwale-kwale mu kafa turke a bakin ruwa ba wanda zai ce mana uffan, a nan wurin kwanan jirgi haya ake biya, fam dubu biyu ko uku a shekara, a Landan kuma abin ya fi haka nesa. In ka ce ba ka son biya, an yarda, amma da sharaɗin ba za ka wuce kwana 14 a wuri ɗaya ba, sai ka matsa gaba. Mai zuwa aiki kullum da yara a makaranta, ina zai iya wannan gantali?

Na tambaye shi kwana nawa ya yi a cikin jirgin bara. Ya ɗan yi shiru, ya ce bai kai mako uku ba. Daga Nuwamba zuwa Maris sanyi ne, ga shi lokacin ake rufe sassa da yawa don gyara.

A nan na tuna dokin marigayi Kawu. Kullum sai an ba shi dawa da harawa da kanwa, ga ɗan barga, amma hawa sai sallah ƙarama da babba, sai ko in Sarki ya yi baƙi. Shi Kawu sarauta ce ta ɗora masa. Ni wa ya aike ni? Jirginka da kake gani, ranar kasuwa ya ɗauki buhunan shinkafa da albasa ya ƙetare, ya dawo da fasinja, kafin magariba ya biya kuɗin mansa ya kuma sa tukunya a wuta. Na nan ba ya zuwa kasuwa, ba ya kamun kifi, ko giwan ruwa ɗaya bai taɓa gani ba. Wasu sukan yi dabara, mutum takwas ko goma su sayi jirgi ɗaya su raba makonni, kamar yadda ake haɗa kuɗin watanda. Ya fi sauƙi, amma kowa watan Agusta yake so, lokacin hutun yara, ka san sauran zancen.

Abu ɗaya ne ya tsaya mini a rai, kuma ba na kuɗi ba ne. Da muka je karɓar jirgin, wani cikinmu ya zo da ƙaninsa ba tare da ya faɗa ba. Matar da ke ofis ta ƙirga mu, ta ce adadin da ke rubuce shi ne adadin, ba ƙari ko mutum ɗaya. Muka roƙa, muka ce ai siriri ne, ta ƙi. Yaron da ke tare da mu kuwa sai da aka ɗaura masa rigar kariya kafin ya taka jirgin. Ruwan da ake wa wannan tsantseni a wurare da yawa bai wuce ƙirjin babba ba. A lokacin na ji haushi. Da dare ina kwance sai jirgin Warra ya faɗo mini, wanda ya nutse a watan Mayun 2021 cike maƙil da 'yan kasuwa, da yadda aka yi kwanaki ana tsamo mutanenmu na Ngaski.

Saboda haka kuɗin da na fara tarawa da sunan jirgi, zan turo maka wani kaso ƙarshen wata. Ka ƙara a kan na gyaran inji, ragowar ka sayi rigunan kariya, ko guda 20 ne, har da ƙanana na yara. Na san fasinja za su ce zafi, wasu su ce tawakkali, kai dai ka ajiye su a jirgin kana miƙawa. In Allah Ya kai mu lokacin bikin jiragen ruwa na Rigata ina son in zo, kuma a jirginka zan kalla, ba sai na biya haya ba.

Ka gaida Inna, ka ce mata busasshen kifin ya iso lafiya.

Ƙaninka.