Ɗalibin likita a Faransa ba ya tsallake tambayar shimfiɗa

Ƴan uwa na Maraɗi, ina gaisuwa daga Liyon. Abin da ya fi ɗaure mini kai a nan shi ne jarrabawar ɗaliban likitanci. Tun 2024 ɗalibin shekara ta shida sai ya bi ɗaki goma, kowane ɗaki ƴan mintoci, a wasu ya tarar da mutumin da aka koya wa kwaikwayon majinyaci. In mutumin ya ce fitsari na yi masa zafi, dole ɗalibi ya tambaya: tun yaushe, akwai ruwan da ke fita ta gaba, yaushe aka yi saduwa ta ƙarshe, da mutum nawa, an sa kwaroron roba? Ya ji nauyi ya tsallake, maki ya tafi.

A gida kuwa majinyaci ya ce "sanyi", ɗalibi ya sunkuyar da kai ya rubuta magani. Alhali sanyin nan ba cuta ɗaya ba ce. Mai fitar da mugunya allurar ceftriaxone yake so. Kilamidiya kuwa, wani nau'in sanyin da sau da yawa mace ba ta jin alamarsa, maganinta doxycycline 100 mg safe da yamma, kwana 7, in babu ciki. Kuma a yi wa miji da matansa duka magani lokaci guda, a dakatar da saduwa mako ɗaya. In an bar kishiya ɗaya, cutar ta sake zagayowa, ta hau bututun mahaifa ta toshe shi, gobe dangin miji su ce wance ba ta haihuwa. Kafson mai talla a bakin kasuwa ruwan kawai yake tsayarwa, ƙwayar cutar kuma ta saba da magani.

Nan ana gwajin Sida ba tare da takardar likita ba, kuma tun Janairun 2023 wanda bai kai shekara 26 ba yana karɓar kwaroron roba kyauta a farmasi.

Sai dai likitocin nan ba su iya shiga magana ba. Babu ina kwana, babu ya iyali; a dubi tsabar idon Hajiya mai jikoki a tambaye ta ko tana da wani ban da mijinta. Nan nake kewar ungozomarmu da ke fara da "Inna, ki gafarce ni, aikin ne ya zo da haka." Amma mu ma kunyar tamu a asibiti kaɗai take tashi: malam a zaure yana karantar da wankan janaba, ya bambanta maniyyi da maziyyi, almajirai na ji, ba mai sunkuyar da kai.