Tarkon bas na haɗin gida: wane kaya ya cancanci kuɗinka?

Duk mai haɗa waƙa a ƙaramin ɗaki ya san wannan ciwon: a gaban sifika bas, wato sautin nan mai kauri na waƙa, ya zauna daram, amma da an kunna waƙar a mota sai a ji ko dai yana ruri, ko kuma ya ɓace ɗungum. Galibi ɗakin ne ke yi wa kunne ƙarya. Sauti na tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, don haka a ɗaki mai tsawon mita 4, sautin da ke wajen 43 Hz (wato girgiza 43 a daƙiƙa) zai riƙa kai-komo tsakanin bango biyu. A jikin bango ya kumbura, a tsakiyar ɗaki ya yi rauni. Aikin tarkon bas, wato abin shanye sauti da ake sawa a ɗaki, shi ne ya shanye wannan kai-komon. Ba ya hana ƙara fita zuwa ga maƙwabta. Idan wannan ce damuwarka, kauri da nauyin bango za ka gyara.

Abin da ya fi ɗaukar ido shi ne soson nan mai tsini-tsini da ake gani a bidiyo. Yana da arha, manna shi ba wuya. Sai dai kaurinsa bai cika wuce santimita 5 ba, alhali tsawon igiyar sauti ta 100 Hz mita 3.4 ne, rubu'inta kaɗai ya kai santimita 86, kuma sai kaurin abu ya doshi wannan rubu'in yake shanye sautin sosai. Soson zai shanye sauti mai kaifi ya bar bas yana cin karensa babu babbaka, ɗakin ya dushe kuma rurin na nan. Kwalin ƙwai da sosan katifa ba sa cikin lissafi. Akwai kuma batun wuta, wanda ni ba na wasa da shi. A shekarar 2003, gobarar gidan rawa na The Station a jihar Rhode Island ta Amurka ta kashe mutum 100, kuma sosan da aka lulluɓe bango da shi don rage ƙara ne ya kama. Kada ka manna soson da ba ka san yadda yake da wuta ba.

Zaɓi na gaskiya yana tsakanin audugar dutse, irin ta kamfanin Rockwool, da audugar gilashi da aka danne ta zama allo, wadda aka fi sani da Owens Corning 703. Dukansu zare ne da iska ke kutsawa ciki tana gogayya, ƙarfin sautin ya koma ɗan zafi. Allon 703 yana da nauyin kusan kilo 48 a kowace mita kubik, yana tsayawa da kansa, wuƙar yanka burodi na ratsa shi sumul. Audugar dutse ta fi jure wuta, a wurare da yawa kuma ta fi sauƙin samu, amma gefenta na marmashewa, sai an yi mata firam. A kunne, bambancinsu kaɗan ne. Ɗauki wadda kuɗinka zai saya maka da yawa.

Inda mutane ke asarar kuɗi shi ne batun nauyi. Ana ɗauka cewa wadda ta fi tauri ta fi shan bas, sai a je a sayo mai nauyin kilo 100 a kowace mita kubik da tsada. Idan tarkon siriri ne, santimita 10 zuwa 15, mai matsakaicin nauyi, kilo 45 zuwa 60, ta dace. Amma da zarar zurfin ya haura santimita 30, mai taurin takan fara mayar da sauti maimakon barinsa ya shige, a nan audugar gilashi mai laushi, ta nannaɗe da ake shimfiɗawa a rufin gida, ta fi aiki, ga shi ita ce mafi arha. Zurfi kake saye da kuɗinka.

Wanda ƙaiƙayi ke damu, ko yake da yara a gida, yana iya duba audugar foliyesta ko ta tsofaffin wandunan jins da aka sarrafa. Suna aiki, ba sa soka fata, amma sukan fi tsada, kuma a tabbatar an yi musu maganin wuta.

Siffar tarkon ma zaɓi ce. Allo mai faɗin santimita 60 da tsayin 120 da aka gicciye a kusurwa yana barin iska a bayansa, kuma wannan sararin kyauta yana ƙara masa kaiwa ga bas mafi kauri. Ɗaya hanyar ita ce a yayyanka audugar gunduwa-gunduwa masu kusurwa uku a jera ta tun daga ƙasa har sili, kusurwar ta cika taf. Ta biyun ta fi shan bas, ta kuma fi cin kaya. Mai haya ya zaɓi allon, domin ana ɗauke shi ranar tashi. Kada a manta inda bango ya haɗu da sili, nan ma kusurwa ce, kuma ba ta cin filin zama.

Akwai tarkon da ake saitawa ga sauti guda: akwati rufaffe mai siririn katako a fuska da ke rawa da bas ɗin. Yana kaiwa ga bas mai kauri sosai ba tare da cin wuri ba, amma idan lissafin ya kuskure ko iska ta sami kafar fita, ya tashi a banza. Ba da shi ake farawa ba.

Wajen sayen yadin rufewa, kara shi a baki ka hura. Idan numfashi ya wuce ba tare da wahala ba, ya yi. Firam na katako mara nauyi ya wadatar, a huda manyan ramuka a gefensa don sauti ya shiga ta nan ma. Lokacin yanka kuwa, safar hannu, tabarau, takunkumin hanci da riga mai dogon hannu wajibi ne.

Kafin ka biya kuɗin komai, sauke manhajar awon sautin ɗaki ta REW, kyauta ce, ka auna ɗakin da makirufon awo irin UMIK-1 daga daidai kujerar da kake zama. Fara da kusurwoyi biyun da ke bayan sifika, ka sake aunawa, sannan ka yanke shawarar ko za ka ƙaro kaya na kusurwoyin baya.