Gwamnati ta maido mini canjin lanho

Ƴan uwa na Maraɗi, ina gaisuwa daga Montreal. Abin da ya same ni bana, in na faɗe shi a majalisar bakin kasuwa cewa za a yi sanyi ya taɓa mini kai: gwamnatin Kanada ta maido mini kuɗin lanho. Ban roƙi kowa ba, ban san kowa ba, ko ƙofar ofishinsu ban taka ba. Saƙon banki kawai na gani a salula, kuɗin da za su sayi ragon layya har a samu na kayan miya.

A nan ma ana zare lanho daga albashi kafin ya iso hannu. Amma sau ɗaya a shekara mutum kan zauna ya yi lissafi da hukuma, kuma wa'adin ma'aikaci shi ne 30 ga Afrilu. Kafin ƙarshen Fabrairu wurin aikinka zai ba ka wata takarda, T4, mai nuna abin da ka samu da abin da aka cire. Mu mazauna Kebek, lardin da Montreal take, aikinmu biyu ne, na gwamnatin tarayya daban, na lardi daban da tasa takardar, Relevé 1. In an cire fiye da ƙima a maido maka, in bai kai ba ka cika.

Abin mamakin, a ɗakina na yi shi, da kwamfuta da kofin shayi. Akwai manhajojin da hukumar lanho ta amince da su, wasu na kyauta wasu na kuɗi. Tambayoyi take jero maka tiryan-tiryan: kana da aure? Yara nawa? Nawa ka kashe a magani, nawa a gidan renon yara? Can gefe akwai wani adadi da ke motsi, duk rasit ɗin da ka shigar sai ka ga ya ɗaga. Wallahi har aljihun tsofaffin riguna na lalube. Da ka gama ka tura ta intanet, cikin kamar sati biyu kuɗi su shigo.

Kada ku ɗauka duka daɗi ne. Da aka zo kan waɗanda nake ɗauke da nauyinsu, na gyara zama, na ce yau za su ji jama'a. Inna, ƙannena, marayun yayana, ga kuɗin hatsi da nake turowa duk damina. Babu gurbin ko ɗaya. A dokarsu abin da ka aika wa dangi kyauta ce ka yi don ra'ayinka. Sadaka ma ba ta shiga lissafi sai wadda ka ba ƙungiya mai rajista ta ba ka rasit, zakkar da ka damƙa wa mabuƙaci hannu da hannu kuwa ladanka na wurin Allah. Ga manhajar da na ɗauka, ta fara da sunan kyauta, sai da na yi nisa ta ce in biya. Kuma ba wanda za ka ce wa "ranka ya daɗe, a duba mana". Ranar na yi kewar gida, inda ko faɗa za a yi sai an tambayi lafiyar iyali tukuna.

Sai dai mu ma a faɗa mana gaskiya. Nan ana so ka adana takardunka shekara 6, don ana iya neman su. Mu kuwa rasit kafin la'asar an naɗe tsire da shi. Alhaji na sauke tirela daga Kwatano, kayansa har Katsina da Kano, amma lissafin duka a kansa yake, ranar da ya kwanta dama magada su kama kokawa. Muna yankar tikitin kasuwa kullum, ba mai ajiye shi, balle ya tambayi magajin gari inda kuɗin suka shiga in ruwa ya cinye hanyar unguwa.

Ɗalibanmu masu shirin tahowa, ku riƙe wannan: ko ba ku samu ko dala ba a shekarar, ku cika takardar lissafin lanho. Kuɗin makarantar da kuka biya ana ajiye muku lissafinsa, ya rage muku lanho in kun fara aiki. Masu iyali kuma, tallafin yara ba ya ci gaba sai mata da miji kowa ya cika tasa.