Ziyarar Ɗa'ifa ta hannun ejan: dutse ya burge ni, shagon turare ya cinye mana yini

Tun da muka dawo Legas matan Islamiyyarmu ta Agege suke tare ni da tambaya ɗaya: ziyarar Ɗa'ifa da ejan ɗin nan namu yake haɗawa da Umara, ta ci kuɗinta kuwa? Kun san shi, kun san abin da yake ɗorawa a kan kowane kai, ba sai na maimaita ba. Na ga gara in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta.

Mu goma sha ɗaya muka je, a hutun Disamba. Ni da maigida da yaranmu uku da Hajiya mahaifiyata daga nan, sai Yayana da yake aiki a Jidda shekara bakwai ke nan, shi da matarsa da 'ya'yansu uku. Tun farko Yaya ya ce mu bar maganar ejan, ya ɗauki motarsa mu ɗauki hayar wata, mu tafi a tsanake. Ni ce na ce a'a, na riga na biya tun a Legas, kuma takardar da aka turo mana ta WhatsApp ta lissafa komai: hanyar Hada, motar igiya da suke kira talfarik, gonar wardi, masallatai, abincin rana, sannan a tsaya a miƙati a ɗauki harami. Yaya ya biya wa iyalinsa suka shigo cikinmu.

Gaskiya safiyar ba ni da abin cewa. Bas ɗin ƙarama ce mai tsabta, ta zo ƙofar masaukinmu a Makka bayan asuba ba tare da mun yi ta kiran waya ba. Direban kuma Bahaushe ne haifaffen can, Hausarsa a cakuɗe da Larabci, yana ta “Hajiya sannu, Hajiya a hankali” har ya zaunar da mahaifiyata a gaba. Daga Makka zuwa Ɗa'ifa ta Hada bai kai kilomita 100 ba. Ana wucewa ta gefen Arfa, ƙasa shimfiɗe, sai kawai duwatsun Sarawat su tsaya maka a gaba kamar katanga, titi ya fara nannaɗewa yana hawa. Kwana bayan kwana, ka leƙa ta taga ka hango titin da ka baro can ƙasa kamar zare. Yarana da ba su san wani tudu ba in ba dutsen Olumo da makaranta ta kai su Abekuta ba, shiru suka yi, kunnuwansu na toshewa. Garin yana sama da mita 1,800 daga teku. Ni kaina tasbihi kawai nake yi. Wanda ya saba ganin Saudiyya a matsayin rairayi da zafi, ranar zai sake tunani.

A saman Hada muka tsaya wajen gwaggon birai. Ba irin ƙananan biran Lekki ba ne, waɗannan manya ne masu gashi a kafaɗa, suna zaune a kan shingen titi garke guda. Direban ya hana yara fita da leda a hannu, kuma na yaba masa, don a gabanmu ɗaya ya fizge ledar ayaba daga hannun wani mutum. Sanyi ne dai ya ba mu kashi. Babu wanda ya ce mana mu ɗauko rigar sanyi, ejan bai rubuta ba, mu kuwa da kayan Legas muka fito. Matar Yaya ce ta cece mu da barguna biyu da ta sako.

A nan ne autana ya hango akwatunan talfarik a rataye a waya, ya fara tsalle. Wata uku yaron nan yana kallon bidiyonta a wayar babansa. Direba ya ce, “Sai mun dawo, Hajiya, da yamma ta fi daɗi.” Muka yarda.

Cikin gari mun yi sallah a masallacin Abdullahi ɗan Abbas, wanda kabarinsa yake nan kusa. Daga nan aka kai mu wajen ƙaramin masallacin da ake dangantawa da Addas. Nan ne wurin da ya fi taɓa ni. Maigida ya tara yaran ya ba su labarin yadda Manzon Allah (SAW) ya zo garin nan a shekara ta 10 da aike, bayan rasuwar Nana Khadija da Abu Ɗalib, shi da Zaidu ɗan Harisa, mutanen Saƙif suka sa aka yi ta jifansa har ƙafafunsa suka yi jini, ya fake a gonar Utba da Shaiba, bawansu Addas mutumin Ninawa ya kawo masa inabi. Hajiya ta dubi duwatsun da muka hau a mota muna kukan gajiya, ta ce, “Shi da ƙafa ya zo,” sai hawaye. Da a ce daga nan gida muka juya, da yabo kawai zan rubuta.

Abincin rana da aka ce yana ciki, da muka zauna direba ya ce shi ba a ba shi kuɗin abinci ba. Yaya ne ya biya. Saliƙ muka ci, shinkafar da ake dafawa da madara da romon kaza, ta yi daɗi, ban ma so in tsaya a kan wannan ba.

Abin da ya ɓata min rai shi ne “gonar wardi”. Hoton da ke jikin takardar ejan fili ne cike da furanni ruwan hoda. Inda aka kai mu kuwa shago ne, da wani ɗaki a baya mai tukwanen tagulla a jere babu wuta a ƙarƙashinsu. Na tambayi mai shagon ina furannin, Yaya yana fassara min. Ya ce wardin Ɗa'ifa sai wajen Maris da Afrilu yake fure, da sassafe ake tsinkarsa kafin rana ta ɗaga, a dafa a tukwanen nan a tace ruwa da mai. Wato duk wanda ya sayar maka da ziyarar gonar wardi a Disamba ya san ba za ka ga ko fure ɗaya ba. Ejan da yake kai mutane duk shekara ba zai ce bai sani ba.

To, in babu fure sai mu tafi mana. Direba ya ce minti goma, mu ɗan duba kaya. Minti goma ta zama rabin awa. Aka kawo shayi, aka fara shafa mana turare a hannu, wannan tola kaza, wancan kaza. Na sayi ruwan wardi kwalba biyu don kunya. Muka fito, babu direba. Maigida ya kira shi, wai yana sallah. Ya sake kira, wai yana zuwa. Ashe wata motar ejan ɗin ce ta biyu yake jira ta iso da nata mutanen, don a haɗa lissafin kamashonsu wuri ɗaya. Babban ɗan Yaya mai jin Larabci shi ya ji suna maganar da mai shagon. Awa biyu da kusan rabi muna tsaye a bakin shago, Hajiya a kan kujerar roba cikin bargo, yara suna tambaya ko an fasa. Yaya, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba, sai da ya ce wa direban, “Malam, ka ji tsoron Allah, da tsohuwa muke tafe.” Shi kuwa sai haƙuri yake bayarwa, wai ba laifinsa ba ne, haka aka tsara masa.

Da muka koma Hada hazo ya riga ya sauko. Ba irin hazon hunturu na gida ba, gajimare ne sosai yake shiga tsakanin motoci, ba ka ganin wanda yake taku goma a gabanka, ga iska. An tsayar da talfarik. Ban ga laifinsu ba, ni ma ba zan sa ɗana a akwati a sararin sama cikin wannan yanayi ba. Amma wasu 'yan Indonesiya da muka tarar suna shiga motarsu sun ce su sun hau awa ɗaya da ta wuce, sun sauka har Kar a gindin dutse sun dawo. Awa ɗaya! Autana bai yi kuka a wurin ba, ya dai riƙe mayafina ya ce, “Umma, gobe za mu dawo?” Jirginmu kuma jibi ne.

Saboda hazon an rufe hanyar sauka ta Hada, abin da Yaya ya ce ana yawan yi in yanayi ya ɓaci. Dole muka koma ta cikin gari muka bi hanyar Sail, wadda ta fi nisa. Maimakon miƙatin Wadi Muhrim da ke nan kusa, a Ƙarnul Manazil muka ɗauki harami bayan isha'i, maza suna rawar ɗari cikin tawul biyu. Miƙatin dai yana da tsabta, ruwa wadatacce. Mun shiga Makka dare ya yi nisa, sai a keken turawa Hajiya ta yi ɗawafi da sa'ayi, ita da ta ci burin yi da ƙafarta. Wannan ya fi kuɗin talfarik ciwo a wurina.

A jirgi na ce wa maigida zan bar maganar, tunda dai mun ga dutse mun yi Umara. Amma da na je ofishin ejan na nemi a mayar mana da kuɗin talfarik na mutum goma sha ɗaya da na abinci, sai yaronsa ya ce min, “Hajiya, ai ikon Allah ne, mu muka saukar da hazo?” Nan raina ya sake ɓaci sabo. Hazo ikon Allah ne, zaman bakin shago kuma ikon wa? Sau uku ina komawa, daga Agege cikin cunkoson nan, kullum Alhaji ya fita.

Don haka masu tambayata: Ɗa'ifa ku je, ko da bashi ne ban ce kar ku je ba, in kuma furanni kuke so ku bari sai Maris ko Afrilu. Amma ni ba zan sake saya a hannunsa ba, kuma na gaya wa ƙanwata da ke shirin tafiya ta cire wannan daga lissafinta ta nemi mota a Makka da kanta. Yaya ya yi wa autana alkawarin in Allah ya sake kai mu, shi zai tuƙa, kuma talfarik za a fara hawa kafin a shiga gari. Kuɗina dai har yau ba a dawo da ko sisi ba, ranar Litinin zan sake komawa.