Aider ko OpenCode? Amsa ga Malam da ya yi tambaya

Malam, tunda tsakanin Aider da OpenCode kake tambaya kuma ka ce a terminal kake son zama da laptop mai RAM 8GB, to ka ɗauki Aider kawai, shi nake amfani da shi kullum.

Dukkansu manhajojin AI ne da ke taya ka rubuta code a terminal, wato tagar da ake buga umarni da rubutu, kuma open source ne, kyauta ake saukewa, amma ka sani kyautar a manhajar ta tsaya, model ɗin AI da zai yi maka tunanin yawanci kai za ka biya ta API key, wato mabuɗin sirri na account ɗinka, ko Claude ko GPT ko DeepSeek ko Gemini, kuma a dala ake caja. Nan ne fa bambancin yake ga mu da muke canza naira.

Aider wani Paul Gauthier ne ya fara shi a 2023, da Python aka rubuta, da pip, mai saka manhajojin Python, kawai za ka saka shi. Ba ya taɓa fayil sai wanda ka ba shi da /add, sauran project ɗin kuma taƙaitacciyar taswira yake haɗawa ta sunayen functions da classes ya tura wa model, ba ya kwashe komai ya aika. Bayan kowace amsa zai rubuta maka token nawa suka tafi, wato gutsattsarin rubutun da ake ƙirgawa a caje ka, da kuɗin da aka ci, idan ka ga abin na kumbura ka yi /drop ka cire fayil ɗin da ka gama da shi, ko /clear ka share hirar. Wallahi wannan kaɗai ya isa in so shi, kana aiki kana ganin kuɗinka a gabanka kamar mita.

Amma abin da ya fi kama min zuciya git ne, wato manhajar da ke ajiye tarihin kowane canji a code. Akwai wani aiki na Django (kayan gina website da Python) da na yi wa wata makaranta, na fitar da sakamakon ɗalibai, ana gobe za a raba report card muna ta gyara lissafin position da dare sai aka ɗauke wuta, batirin laptop ɗina kuma dama ya gaji, take ta mutu. Da na samu caji na buɗe git log sai ga kowane gyara da Aider ya yi a jere, ya riga ya yi commit, wato ya ajiye shi a git, da bayaninsa ɗaya bayan ɗaya, hirarmu ma tana nan a fayil ɗin history cikin folda. Gyaran ƙarshe bai min ba don ya sa ɗalibai biyu masu maki ɗaya sun samu position daban, na janye shi ta git ya koma yadda yake, na shiga /ask muka tattauna ba tare da ya taɓa code ba, sannan na ce ya rubuta. Da safe malamai suka buga takardunsu lafiya lau.

OpenCode kuwa ba laifi, yana da kyau a ido, yana da Plan na tsara aiki da Build na aiwatarwa da ake sauyawa da maɓallin Tab, amma shi agent ne da ke yawo cikin fayiloli da kansa yana karantawa yana gudanar da command, kowane zagaye kuma token ne. Wanda kamfaninsa ke biya masa sai ya more.

Kar ka ce za ka gudu daga biya ka saka Ollama, mai gudanar da model a kan na'urarka, a wannan laptop ɗin. Ƙaramin model mai 7B ma RAM 8GB yake nema, ga browser ga editor a buɗe, zai yi ta jan ƙafa kuma ƙananan models suna yawan ɓata tsarin gyaran da Aider ke buƙata.

Sai wani abu da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Masu tallan “unlimited API key” a Telegram da status na WhatsApp a kan ’yan dubbai, don Allah ka guje su. Ko dai key ɗin sata ne da aka tsinto a GitHub na wani bawan Allah, ana rufe shi kuɗinka ya tafi kuma mai sayarwar ya yi blocking ɗinka, ko kuma su ba ka wani adireshi su ce ka saka a matsayin base URL, wato inda manhajar ke tura saƙonninka, to duk code ɗinka da duk abin da ka liƙa a hirar ta sabarsu yake bi, har password ɗin database idan ka yi sakaci. Wasu ma sunan babban model suke sawa alhali ƙarami suke tura maka. Haka ’yan kasuwar da ke cewa laptop “na AI ce” don kawai an manna sitika, ka duba RAM da GPU da idonka kafin ka biya.

Ka buɗe account naka na kanka a OpenRouter (dandalin da ke haɗa ka da models daban-daban da key ɗaya) ko DeepSeek, ka zuba ’yan daloli kaɗan da katin dala, a OpenRouter har iyaka za ka iya sa wa key ɗin yadda ba zai wuce abin da ka ware ba. Ka tabbata .env, fayil ɗin da ake ajiye key a ciki, yana cikin .gitignore don kar git ya ɗauke shi, kuma kar ka taɓa yi masa /add. Ka yi git init, ka fara da fayil ɗaya ko biyu, idan ka maƙale wajen saka key ɗin ka turo hoton error ɗin amma ka rufe key ɗin tukuna.