Tunkiyar Hajiya da leda: yadda muka kwashe da wani asibitin dabbobi a Katsina

Tun ranar da aka gan ni cikin keke napep rungume da tunkiya mutane ke ta kirana suna tambayar me ya faru, to bari in rubuta sau ɗaya kowa ya karanta in huta. Ba zan kama sunan asibitin ba don maganar akwai yabo akwai ƙorafi, amma nan cikin gari yake, kuma na kuɗi ne.

Tunkiyar ta Hajiyarmu ce, irin Balami, daga kasuwar Mai'aduwa aka sawo mata ita. Ciki ya yi ta girma Hajiya na ta murna wai tagwaye ne, har ta fara lissafin wanda za ta bar wa layya da wanda za ta sayar. To cikin tunkiya wata biyar ne kowa ya sani, wata biyar suka wuce shiru, ga ƙashin baya ya fito kamar an jera tsinke, harawa sai ta shinshina ta kau da kai, tuƙa ma ta daina. An ba ta kanwa, an ɗura mata man gyaɗa, wani mai yawo da jakar magani ya zo ya danna mata allura biyu ya karɓi kuɗinshi ya yi gaba, ba abin da ya canza.

Ƙorafina na farko tun kafin mu shiga ne. Na bugo waya na tambaya, yaron da ke zaune a teburin karɓar kati ya ce kawai a kawo ta, bai ce mani komai game da abinci ba, mu kuma da safe aka dama mata dusa ta ɗan sha. Da Dakta ya zo ya danna kwiɓinta na hagu ya kama hannuna ya ɗora ya ce "Malam taɓa ka ji", wallahi abu ne dunƙule da tauri kamar an cusa tsumma an daddanne. Ya ce wannan ba ɗa ba ne leda ce, sai an buɗe tumbin an ciro, amma yau ba zai taɓa ta ba tunda ta ci abinci, a mai da ta gida a hana ta ci har gobe, ruwa ma a janye da asuba. Kuɗin napep zuwa da dawowa ya tafi a banza saboda magana ɗaya da yaro bai faɗa ba.

Washegari ne muka kusa yin rigima da shi, kuma yanzu in na tuna kunya nake ji. Na ga an kwantar da ita a gefen dama, an aske kwiɓin hagu tas da reza an wanke an shafa aidin, ido biyu take tana kallona, shi kuma Dakta yana jera almakashi da wuƙaƙe. Na ce "Dakta ya haka, ba za a yi mata allurar barci ba?" Ni a raina na riga na yanke cewa tsimin magani yake, zai caje ni kuɗin allura ya yanka dabba da ranta, don ni da aka yi mani aikin afendis ban san inda kaina yake ba sai farkawa na yi na ga ɗinki.

Bai yi fushi ba, dariya ma ya yi, ya ce in ja benci in zauna. Abin da ya faɗa mani shi ne dalilin wannan rubutun gaba ɗaya. Ya ce dabbar da ke tuƙa, saniya, tunkiya, akuya, cikakken barci shi ne babban haɗarinta. Tumbinta kamar randa ce cike da abinci yana ruɓewa yana fitar da iska ba dare ba rana, tana a farke tana gyatsa iskar na fita, da ta yi barci mai nauyi gyatsa ta tsaya, ciki ya kumbura ya danne huhu. Ga kuma abin da ke cikin tumbin yana iya gangarowa maƙogwaro ya faɗa hanyar numfashi, ga miyau wanda ba ya tsayawa, ya ce babbar saniya tana iya yin miyau sama da lita 100 a rana ɗaya, kuma barci ba ya hana shi zuba. Sai dai in kana da bututun da ake zura wa a maƙoshi da injin iskar barci da iskar oksijin, irin na asibitin koyarwa na jami'ar ABU Zariya ko ta Ɗanfodiyo Sakkwato, shi kuwa ba shi da su kuma bai ɓoye mani ba. Shi ya sa saniya ma a tsaye ake mata wannan aiki, har fiɗar ciro ɗan maraƙi, tana tsaye an kashe mata wajen kawai.

To abin da ya yi mata kashi biyu ne. Ya fara ba ta 'yar allura ta jijiya mai sanyaya jiki, dayazefam, wanda muka fi sani da baliyam, daga cikin durowa mai kwaɗo ya ɗauko shi ya mai da ya kulle, ya ce in ba haka ba samarin unguwa za su riga dabbobi amfana. Na tambaye shi zailazin fa, wata allurar sanyaya jikin dabba, don shi nake jin masu shanu na ambata, ya ce zailazin magani ne mai kyau amma yana tsoronshi ga tumaki don yana taɓa masu huhu iska ta yi ƙaranci a jini, kuma in da a ce da gaske tana da tsohon ciki zai iya sa mahaifa ta murɗa. Ya ƙara da cewa abin da za ka ba doki na zailazin, kashi ɗaya cikin goma ya ishi saniya mai nauyinshi, wanda bai san wannan ba ya ɗebo na doki ya danna wa sa to sai dai a nemo wuƙa. Nan na tuna mai jakar magani gabana ya faɗi.

Na biyun shi ne lidoken, irin wanda likitan haƙori ke sa wa a dasashi. Ya surka shi da ruwan allura don ƙananan dabbobi ba su ɗaukar da yawa, ya bi ya tsira shi a layi biyu, ɗaya a sama ta wajen ƙashin baya ɗaya ya gangaro bayan haƙarƙarin ƙarshe, kamar an zana lamba 7, wai duk jijiyoyin da ke kai saƙon zafi ta nan suke bi sai a tare masu hanya. Ya duba agogo ya jira wajen minti goma, sannan ya ɗauki tsinin allura ya tsikari wuyanta ta zabura, ya tsikari inda aka aske ko gezau. Sai da ya nuna mani sau uku ya ce "Malam ka yarda yanzu?" Na ce na yarda Dakta, a yi haƙuri.

Ni aka ba riƙon kai. Sun sa buhu an naɗe a ƙarƙashin wuyanta, baki ya kalli ƙasa don miyau ya zuba waje, kuma ya zuba kam, hannun rigata ya jiƙe sharkaf. Ina kallo ya tsaga fata ya shiga ya jawo tumbin ya ɗinke bakinshi da fata tukuna don kada ƙazanta ta zuba cikin ciki, sannan ya buɗe. Warin kam ba a magana. Ya zura hannu har gwiwar hannu ya fara jawowa, baƙar leda, ledar fiya wata, igiyar buhu, wani guntun zani da Hajiya ta rantse nata ne da ya ɓace tun bara, duk sun murɗe sun zama abu ɗaya sai da ya riƙa yankawa gunduwa-gunduwa, aka cika bokitin fenti. Duk wannan bidiri tunkiya na kwance tana lumshe ido, sau ɗaya ta yi yunƙuri lokacin da yake jan tumbin da ƙarfi, ya dakata ya bar ta ta lafa. Kafin ya rufe ya zuba mata ruwan tumbin wata dabba mai lafiya da ya sa aka karɓo daga kwata da safe, wai ƙwayoyin da ke narkar da ciyawa ne ake mayar mata. Ba a yi awa ɗaya da gama ɗinki ba ta miƙe tana tangaɗi ta yi fitsari.

Muna zaune muna jira aka kawo wani karen gadi da waya ta yaga mashi cinya, shi kam barci sosai aka sa shi, zailazin da ketamin, abin mamaki ido a buɗe tar amma ba ya nan, har maigadin ya fara salati ya ɗauka ya mutu. Dakta ya ce haka ketamin yake, ya ɗiga mashi magani a idon don kada ya bushe. A nan ne hira ta yi daɗi yake ba mu labarin wani bincike da aka yi a Ingila aka fitar a 2008, an bi dubban karnuka da kyanwoyi da aka yi wa allurar barci, aka samu kusan kare 1 cikin 600 na mutuwa, kyanwa kusan 1 cikin 400, zomo kuwa 1 cikin 70 da ɗoriya, a can fa inda suke da kayan aiki. Cikin manyan dabbobi kuwa doki ne ya fi ban tsoro, wajen 1 cikin 100, da yawa ma wajen farkawa ne yake zabura ya karya ƙafa. Ni dai na ce wannan ya kamata masu dawakin folo da na hawan sallah su ji, garin da ake wasan doki tun zamanin Sarki Dikko. Ya kuma ja kunnen wata baiwar Allah da ta zo da kyanwa cewa kada ta kuskura ta ba ta farasitamol, ƙwaya ɗaya na iya kashe ta.

Yanzu sauran ƙorafin. Ba su da sikeli, duk wannan bayani na cewa allura da nauyin dabba take tafiya amma da tef ya zagaya ƙirjinta ya ƙiyasta, na san gwani ne amma sikeli nawa yake fisabilillahi. Maganin rage zafi na bayan aiki babu shi a wajen, lidoken kuwa awa ɗaya da 'yan mintuna ya sake ta, sai da na hau mashin na zagaya shago uku kafin na samo, ina dawowa na tarar tana cizon haƙora ta takure a lungu. Wajen jira rumfar kwano ce ba fanka, kare da kyanwa da tumaki duk waje ɗaya. Kuma ba a rubuta mani komai a takarda ba, da baki aka ce allurar kashe ƙwayoyin cuta kwana kaza, kada a yanka ta a ci ko a sha nononta sai maganin ya fita jiki, ni da na kwana ban yi barci ba ina zan riƙe, da na kira da dare don in tabbatar wayar ta yi ta ringin ba a ɗauka ba.

Kuɗi kuwa ban ga tsada ba, duka da magani da napep bai kai rabin abin da za a sayi tunkiyar ba ko a ramen da take, kuma ya faɗi kuɗin tun kafin ya taɓa ta bai ƙara ko sisi ba daga baya. In za ku je ku nemi Daktan da kanshi a waya kada ku tsaya ga yaron, ku tambayi maganar hana abinci, ku tafi da biro da takarda, ku sa tsohuwar riga.

Kwana na uku ta fara tuƙa, Hajiya ta kira ni tun kafin in fito masallaci wai in zo in gani. Kwana goma sha biyu muka koma aka cire zare. Yanzu tana turke ba a sakinta yawon bola, bokitin ledar kuma Hajiya ta hana a zubar, yana nan bayan ɗaki duk maƙwabciyar da ta shigo sai an kai ta ta gani, har da guntun zanin.