Waken SAMPEA 20-T na Samaru: abin da yake yi a gona da abin da ba ya yi

Wannan irin wake ya fito ne daga Cibiyar Binciken Aikin Gona ta IAR da ke Samaru, Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Mohammad Faguji Ishiyaku. An yi aikin tare da gidauniyar fasahar noma ta Afirka, AATF, da hukumar bincike ta CSIRO ta Ostireliya, da tallafin kuɗi daga USAID ta Amurka. Hukumar NBMA, mai sa ido kan irin da aka sauya wa ƙwayar halitta a Najeriya, ta amince da shi a farkon 2019, aka yi masa rajista a Disambar shekarar. Irin da aka sauya wa ƙwayar halitta ne, kuma ya kamata mai saye ya san haka tun a shago.

Aikinsa guda ɗaya ne: maganin tsutsar Maruka. Ita ce wadda ke shiga cikin fure ta cinye shi, ta liƙe kwanso da ganye da wani zare kamar yanar gizo-gizo, ta bar kashinta a bakin ramin da ta huda. Da yake a ciki take ɓuya, maganin feshi ba ya isa gare ta sosai, shi ya sa manomi kan yi feshi sau 6 zuwa 8 kuma duk da haka ya yi asara. A shekarar da ta yi yawa takan lalata har kashi 80 cikin 100 na amfanin. An ɗauko wani sinadarin gado daga wata ƙwayar bakteriya ta cikin ƙasa da ake kira Bt aka saka wa waken, tsutsar na cin furen sai cikinta ya lalace ta mutu. A nan kam irin ya cika alkawari. Ɓare fure goma a gonarsa, ka ɓare goma a ta maƙwabci mai tsohon iri, idonka zai ba ka amsa.

Kuskuren da ya fi cutar da masu saye shi ne zaton cewa an rabu da feshi ke nan. Ba haka ba ne. Darɓa na nan, ƙananan ƙwarin da ke zubar da fure na nan, haka ma masu tsotsar ruwan kwanso har ƙwaya ta motse. Dole a yi feshi sau 2, ɗaya lokacin da fure ya fara ɓullowa, ɗaya idan kwanso ya fara cika. Wanda ya tsallake na biyun zai ga kwanso da yawa amma ba nauyi, sai ya ɗora wa irin laifi.

Yana nuna cikin kwana 70 zuwa 75, don haka lokacin shuka na da muhimmanci. A Giwa, Makarfi, Soba da Ikara na arewacin Jihar Kaduna, daga tsakiyar Yuli zuwa farkon Agusta ya fi dacewa. A kudancin jihar, wajajen Kafanchan, inda damina ke daɗewa, gara a jinkirta, domin in ya bushe cikin ruwa ƙwayar kan yi baƙi ta ruɓe a kwanso. A bar santimita 75 tsakanin kunya, 20 tsakanin rami, ƙwaya biyu a kowane rami. Takin SSP, wato takin supa, yake so tun wajen shuka. Yuriya da yawa ganye kawai za ta ba shi. Yana kuma jure wuta-wuta, gadon da ya samo daga SAMPEA 10, tsohon irin da aka samar da shi daga gare shi.

Inda ya gaza a ganina shi ne harawa. Ba ya yaɗo kamar kananado, saboda haka mai kiwon tumaki ba zai tara abin da ya saba ba. Ƙwayarsa fara ce matsakaiciya, wasu 'yan kasuwa kuwa manyan ƙwaya suke sa wa kuɗi. Kuma ba shi da kariya daga ƙwaron ajiya: a shanya shi ya bushe ƙayau, a zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban.

Kada a sayi wanda ake aunawa da mudu a kasuwa, domin da ido ba a bambance shi da sauran farin wake. A nemi ƙunshin da ke rufe mai ɗauke da tambarin hukumar iri ta NASC, a kankare lambar a tura don tantancewa kafin a biya.